Ruwan Cikin Dutse

Fadila ta gaji da duwatsu, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wa za ta faɗa wa? Ita ce ta ce tana so. Lokacin da ƙawayenta suka zaɓi aikin jinya da na banki, ita ta ɗauki guduma da malafa ta bi maza daji tana fasa dutse. Yanzu ga ta tana koyarwa a wata lise, wato sakandare, a unguwar Zariya ta Maraɗi, aji cike maƙil, ga ɗiya ƙarama Samira, ga miji Rashid wanda kullum yana kan hanyar Jibiya da kayan wani Alhaji, ga kuma aikin doktora da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da safe ta tashi da ciwon kafaɗa, da yamma ta kwanta da shi.

In an tambaye ta mene ne aikin nata, takan ce, "Ruwa nake nema a cikin dutse." Sai a yi dariya a ƙyale ta. Gaskiya kuwa take faɗa. Can kudu, bayan Ɗan Isa, dab da iyaka, akwai wani ƙaramin tsauni da mutanen wurin ke kira Dutsin Maƙera. Dutsensa mai ratsi-ratsi ne, baƙi da fari, ratsin a lanƙwashe kamar tsumman da aka murɗa za a matse. Asalinsa ba a saman ƙasa yake ba. Wajen shekara miliyan ɗari shida da suka wuce yana can ƙarƙashi, zurfin da babu rijiyar da za ta kai, nauyi ya danne shi, zafi ya dafa shi ba tare da ya narke ba, har kamanninsa suka sauya. Ana cikin wannan dahuwa wani ruwa mai gishiri yana ratsa shi. Da ƙwayoyin farin dutsen nan mai sheƙi da ake kira kwarz suka girma, sai suka rufe da ɗigo-ɗigon ruwan a cikinsu. Ɗigon bai kai kaurin gashi ba. Tun daga lokacin yana nan a kulle, da ɗan kumfa a tsakiyarsa.

Ta gan shi da idonta a shekararta ta farko. An yanko mata ɓarɓashin dutsen, an goge shi har haske na ratsa shi, ta ɗora a mikroskop, sai ga ɗan kumfan yana rawa a cikin ɗakinsa, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba. Wannan ganin ne ya ɗaure ta duk shekarun nan, kuma wani lokaci takan ji haushinsa.

Gani kaɗai ba ya ba mutum doktora. Sai an auna. Ana yanka dutsen da ɗan kauri, a goge fuska biyu, a sa a wata na'ura da ke daskarar da shi sannan ta ɗumama shi a hankali, mutum na kallo. Zafin da kumfan ya ɓace a kansa, shi ke faɗar zafi da zurfin da dutsen ya dahu. Na'urar babu ita a Maraɗi, babu ita a duk inda ƙafar Fadila za ta iya kaiwa. Saboda haka ta ware manyan duwatsu uku, waɗanda ta sha wuya kafin ta ɓamɓaro su daga gindin tsaunin, ta rubuta wa kowanne lamba da jan fenti, ta zana kibiya mai nuna arewa, ta zuba su a buhu. Gidan hayarsu ɗaki biyu ne, ba wurin ajiye dutse. Da cikinta ya tsufa za ta tafi haihuwa gida, sai ta sa aka loda buhunan tare da akwatinta zuwa garinsu Tsibiri, aka jingine su a ɗakin ajiyar mahaifiyarta, Inna Tsahara. Duk zuwan da ta yi bayan nan takan leƙa ta ga buhunan a ɗaure, ta koma hankali kwance.

Farfesa Issa, wanda ke duba aikinta, ya kira ta biro, wato ofishinsa, wata Litinin. Tsoho ne mai magana a hankali, yana shirin ritaya, teburinsa cike da duwatsun ɗaliban da suka fara ba su gama ba.

"An karɓa," ya ce. "Labo ɗin can na ƙasar waje, ɗakin binciken da ke da na'urar, sun ce in kawo. Ƙarshen wata zan tafi, da hannuna zan kai. Ki kawo duwatsun, Sha'ibu na labo ɗinmu ya yanka."

Ta yi tsammanin in ranar ta zo za ta yi tsalle. Sai ta ji kawai tana son ta zauna.

"Madam Fadila, kin dai san bana ce rajistarki ta ƙarshe. Ba za a ƙara miki ba, ni ma kuma ba na nan baɗi. Kuma kin san tsaunin."

Ta sani. Bara wani ɗan kwangila ya kafa injin niƙa a Dutsin Maƙera, ya mayar da shi tsakuwa don aikin hanya. Inda tsaunin yake a da, yanzu kududdufi ne da shanu ke sha. Duk abin da ya rage na Dutsin Maƙera wanda aka san daga ina aka cire shi, yana cikin buhu uku a Tsibiri.

Ranar Asabar ta bar Samira wajen maƙwabciya, ta hau adaidaita. Ta tarar da Inna Tsahara a tsakar gida tana sheƙar gero. Suka gaisa, ta sha ruwa, ta amsa tambayar ƴar jika da ta miji, sannan ta shiga ɗakin ajiya. Buhu biyu suna tsaye. Na ukun a ninke yake tsaf a kan randa.

Ta kwance na farko. Dutsen ya fito fes, ba ƙura, ba lamba, ba kibiya. Farin ratsinsa ya yi jaja-jaja. Ta kankara da farce sai ya marmashe. Ta kai hancinta, ta ji ƙaurin hayaƙi a ƙarƙashin ƙamshin sabulu. Na biyun ma haka.

"Inna."

"Na'am."

"Mi ya samu duwatsun nan?"

Inna ta leƙo da faifai a hannu. "Mi ya same su? Lahiya lau suke. Ni da kaina nike wanke su."

"Jan rubutun da ke jikinsu fa?"

"Wanga fentin da ya ɓata su? Ai ya sha mani kai. Sai da na haɗa da toka da yashi kahin shi hita."

Fadila ta zauna a kan buhun gero. "Wuta kuka sa su?"

"Murhu dai, in an yi sha'ani. Ana gamawa in sa a maido, in wanke, in ɗaure maki abinki yadda kika bari. Ko sau ɗaya ba su kwana waje da datti ba."

Wanda bai zauna Tsibiri ba zai ce wace irin uwa ce wannan. Ba haka ba ne. A Tsibiri dutse baƙo ne. Yashi ne ko'ina, ka yi ta haƙa ba za ka ci karo da abin da zai kashe kaifin garma ba. Murhu da bulo ake yi, ko da dunƙulen marmara, kuma da an ɗora babbar tukunyar biki wuta ta kama, sai ka ji ɗaya ya fashe, tukunya ta karkace, mata su watse da salati. Kayan sha'ani kuwa a unguwa ba na mutum ɗaya ba ne. Babbar tukunya, turmi, tabarmi, duk yawo suke daga gida zuwa gida, kuma matar da aka zo aro wajenta ta ce babu alhali akwai, za a daɗe ana ba da labarinta. To ga duwatsu uku masu faɗin kai, masu nauyi, waɗanda wuta ba ta kayar da su, suna zaune cikin buhu ba aikin fari ba na baƙi. Har suna suka yi. In mata na lissafin abin da za a aro, sai a ce, "Kada a manta da duwatsun Fadila." Inna na jin daɗin jin sunan ɗiyarta a bakin mutane.

Fadila ta ji wata magana mai zafi ta taso mata. Ta dubi Inna, ga ƙaiƙayi a gashin girarta, tana jiran a yaba mata. Maganar ta koma. Ba a yi wa uwa tsawa, kuma ko da ana yi, ƙarfin ba shi nan.

Ta yi ƙoƙarin tunani irin na mai ilimi. Wuta gefe ɗaya take ci. Bayan dutsen, wanda ke kallon waje, wataƙila zafin bai kai ya fasa ɗakunan ruwan ba.

"Inna, wane gefe kuke juyawa wajen wutar?"

"Kowane. Ina kula, ai ba sakarci nike ba. Kowane karo sai na juya su, don kada gehe guda shi ci wuta shi lalace maki."

Fadila ta rufe ido.

"Babban fa? Ina yake?"

"Yana Jiratawa wajen gwaggonki Rahma. Tun bikin ɗanta ta ɗauka, biyun sun dawo, shi tac ce a bar mata kwana biyu. Kin san ta." Inna ta ajiye faifan. Sai yanzu ta dubi fuskar ɗiyarta da kyau. "Ke, wani abu na?"

"Akwai ruwa a cikinsu, Inna. Shi nake nema. Wuta na fasa shi ya fita."

"Ruwa? Cikin dutsi?"

"Na sha faɗa maki."

"Na ɗauka wasa kike."

Babban dutsen shi ne sauran fatanta. Ya fi ƙwarya girma, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Dutse ba ya saurin kai zafi cikinsa, kuma in Allah ya so, tsakiyarsa na nan yadda take. Da wannan tunanin ta kwana, da shi ta tashi ranar Lahadi ta nemi adaidaita zuwa Jiratawa, takardun ɗalibai da ba ta gyara ba suna cikin jaka.

Daga inda suka bar kwalta suka shiga sabuwar hanyar, tsakuwa ce shimfiɗe, baƙa da fari. Ba ta buƙatar sauka ta duba. Ta san ta. Mai adaidaita ya yi ta yabon hanyar, yana cewa da can nan wurin in damina ta sauka sai an turo mota, yanzu kuwa kamar kan tabarma. Ta ce masa haka ne, domin haka ɗin ne. Tsakuwar ba ta da amfani a wajenta. An gauraya ta da ta wasu wurare, ba wanda zai iya cewa wannan daga gindi take, waccan daga kai, kuma ba labo ɗin da zai karɓi dutsen da aka tsinto a hanya. Suka wuce gonakin rani, kore shar, ruwa na gudu a magudanai, maza sun duƙa cikin zogale da barkono.

Gwaggo Rahma ƙanwar marigayi babanta ce, mace mai murya, mai sana'ar dafa zogale tana kai wa masu talla. Fadila ta yi sallama ta shiga, abin da ta fara gani shi ne dutsenta, baƙi ƙirin, tukunya a kansa, bulo biyu suna taya shi, wuta na ci bal-bal. Ba ranar sha'ani ba ce. Kullum ne.

"Lale da ƴar boko! Yau wace rana? Ko hanya kika ɓata?"

"Gwaggo, dutsen na zo ɗauka."

"Yanzu? Tukunya na bisa? Zamna ki huta, shi dahu tukuna."

Ta zauna a kan turmi. Me za ta yi? Dutsen da ya kwashe watanni a wuta, sa'a guda ba za ta ƙara masa komai ba. Ta fito da takardun ɗalibai tana gyarawa a kan gwiwa, hayaƙi na shiga idonta. Tambayar da ta ba su ita ce su bayyana yadda zafi ke sauya dutse. Yawancinsu ba su iya ba.

Gwaggo na juya zogale tana magana. "Wanga dutsi naki, ban taɓa ganin irinai ba. Buloluwan nan kowane wata sai na sake, shi ko ko gezau. In kin koma inda kika samo shi ki ɗebo mani biyu, in huta."

"Babu sauran, Gwaggo. An niƙe."

"Kai, asara."

Da aka sauke tukunya, Fadila ta miƙe tana cewa a bar shi ya huce da kansa. Kafin ta rufe baki Gwaggo ta ɗauki bokiti ta sheƙa masa ruwa. Ya yi cuuu, tururi ya tashi, wani ɓawo ya ɓalle daga gefensa ya faɗi cikin toka.

"Gwaggo!"

"Mi? Kullum haka nike yi in zan kwashe toka. Ba ya komi."

 Fadila ta taya Gwaggo neman bulon da za a sa a gurbinsa, ta karɓi ƙullin zogalen da aka ba ta ta kai wa Inna, aka kira maza biyu daga waje suka ɗora dutsen a adaidaita. Duk hanya tana jin ɗuminsa a ƙafarta.

Sha'ibu, mai kula da injinan labo, mutum ne da ba ya tambayar abin da ba a faɗa masa ba. Ya dubi dutsen, ya dubi Fadila, ya ɗauko soso. Suka tsaga shi biyu da babban zarto, ruwa na zuba, ƙarar na cika kunne. Daga waje zuwa kamar tsawon yatsa ja ne, ya ƙone. Can tsakiya kuwa launinsa na nan, baƙi da fari, yana sheƙi kamar ranar da ta ɓamɓaro shi. Zuciyarta ta buga. Ta ji haushin kanta da ta bari ta buga.

"Daga nan za mu cire," ta ce, ta zana da fensir.

Gogewar ta ci kusan mako. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Fadila kan fito daga aji da alli a hannu ta hau kabu-kabu zuwa labo, ta tarar injin a tsaye, ta koma. Farfesa ya aiko sau biyu yana tambaya, ta ce ana kai. Ba ta faɗa masa komai ba. Ta ce wa kanta in tsakiyar ta tsira, ba sai kowa ya ji labarin murhu ba, lambar kuma za ta iya tunawa, tunda babban ɗaya ne. Samira ta yi zazzaɓi a tsakiyar makon ta warke. Rashid ya dawo ya sake tafiya.

Ranar da yankan ya kammala, da hantsi, tana shirin zama gaban mikroskop, Sha'ibu ya leƙo ya ce tana da baƙuwa. Inna Tsahara ce, da mayafinta na zuwa biki, da kwanon fura a ɗaure cikin ɗankwali. Ba ta taɓa taka wurin nan ba. Ta yi ta tambaya tun daga bakin ƙofa har aka kawo ta. Ta rame a ƴan kwanakin nan.

"Inna, mi ya fito da ke cikin rana?"

"Na zo in ga ruwan." Ta zauna a bakin kujera, kwanon a cinyarta. "Yi aikinki. Ba ni magana."

Fadila ta kunna fitilar mikroskop, ta ɗora yankan, ta sa ido. Ta juya har kwarz ya fito sarai. Ga su nan a jere, layi-layi, ɗakunan da ta sani. Ta matso da na farko. Baƙi ne, fanko, da ƴan tsage-tsage sun fita daga jikinsa ta ko'ina. Ta matsa zuwa na biyu. Haka. Ta bi layin har ƙarshe, ta koma wani, ta koma wani. Ta sauya yanka. Wuyanta ya ƙage, idonta ya yi ruwa, ba ta ɗago ba. A yanka na ƙarshe, can gefe, ta sami wani ɗan ƙarami da sauran ruwa a ciki. Ta daɗe tana kallonsa. Ɗakin ya kumbura, kumfan ya yi girman da bai kamata ba, alamar rabin ruwan ya tsiyaye. In an kai wannan aka auna, lamba zai bayar, amma zafin murhu zai faɗa, ba zafin cikin ƙasa ba. Kuma ita ba za ta sa hannu a kan wannan lambar ba.

Ta ɗago. Kuka bai zo mata ba. Ta ji dai kamar an sauke mata kaya bayan wuyan ya riga ya sage.

"Yana nan?" Inna ta tambaya.

"Zo ki gani."

Ta nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya, ta riƙe mata mayafin kada ya taɓa gilashin. Inna ta duƙa, ta daɗe.

"Ina ganin wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Su na ruwan?"

"Nan ne inda yake a da."

Inna ta koma kujera a hankali. Ta gyara ɗaurin kwanon, ko da yake bai kwance ba.

"To karatun hwa?"

"Ya tsaya nan, Inna."

"Ba a samo wani dutsin?"

"Babu."

 A ɗaki na kusa Sha'ibu na wanke zarto. Fadila ta ji fushin da ta haɗiye a Tsibiri yana dawowa, kuma tunda ba za ta sauke shi kan Inna ba, sai ya tafi neman wani. Tana son suna. Tana son ta san wace mata ce ta fara shiga ɗakin ajiyar mutane ta kwance buhun da ba nata ba, ta ce a ba ta aro. Ko ba za ta ce mata komai ba, tana son ta riƙa ganinta a biki tana sanin ita ce.

"Wa ya fara arar su?"

Inna ta kau da kai.

"Inna, ba faɗa zan yi ba. In sani kawai. Bikin wa aka fara?"

"Ba biki ba na."

"To mi?"

"Ba aro ba na kuma. Ni na ɗauko su." Inna na kallon kwanon. "Randa aka sallamo ki daga matarnite da jaririyarki. Na ɗora rabin duro bisa bulo zan dahwa maki ruwan wanka, bulon ya hwashe, ruwan ya kashe wutar. Ga ki kwance jikinki duk ya saki, ga magariba na tahowa, ba a tsallake wankan hwarko. Na shiga ɗaki neman abin da zan tokara, sai na gan su."

Fadila ta tuna zanan da aka kewaye a bayan ɗaki. Ta tuna duron, da ganyen bedi, wato dogon yaro, da Inna ke tsomawa tana fyaɗa mata a baya, da tururin da ke hana ta ganin ko tafin hannunta. Safe da yamma, har aka yi arba'in. Kullum sai ta wuce ta gaban murhun nan, dafe da bango, nono na mata zogi, ba abin da take so sai barci. Ba ta taɓa duban ƙasa ba.

"Da wutar ta kama su sai suka hwara ƙara," Inna ta ce. "Tas, tas, tas, ƙanana-ƙanana, ba iyaka, kamar ana soya riɗi. Har na ji tsoro na yi bisimilla. Ke ma kin ji. Daga cikin ɗaki kika ce, Inna, mi ke ƙara haka? Na ce itace na, kwanta."

Fadila ta tuna. Ta tuna har yadda ta juya ta fuskanci bango, ta jawo jaririyar jikinta.

"Ya daɗe yana yi?"

"Har ruwan ya tahwasa. Wanshekare ya ɗan yi kaɗan. Daga nan ba su sake ko tari ba." Inna ta share hanci da bakin mayafi. "Na ce sun saba."

Fadila ta miƙa hannu ta kashe fitilar mikroskop. Ta zare yankan ta ajiye a kan tebur. Dole ta je biron Farfesa kafin ya tashi, ta faɗa masa kada ya bar mata wuri a jakarsa, kuma tana da aji da yamma. Amma ba ta miƙe ba tukuna. Inna ta kwance ɗankwalin, ta buɗe kwanon, ta dama furar da ludayi, ta miƙo mata.

"Sha. Tun sahe ba ki ci komi ba."

Fadila ta karɓa da hannu biyu ta sha.